Omar Yaghi da sinadarai masu ɗakuna: abin da ya tabbata da abin da ake jira

Ranar 8 ga watan Oktoba na shekara ta 2025, majalisar masana ta ƙasar Suwed ta bayyana sunayen mutane uku da suka sami kyautar Nobel a fannin shimi, wato ilimin sinadarai. Su ne Richard Robson na jami'ar Melbon a ƙasar Ostiraliya, da Susumu Kitagawa na jami'ar Kiyoto a ƙasar Japan, da Omar Yaghi na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a ƙasar Amurka. An raba musu kuɗin kyautar daidai wa daida, kuron miliyan 11 na kuɗin Suwed. Abin da ya jawo musu wannan girmamawa shi ne wani sabon jinsin sinadarai da ake kira MOF.

Tun daga ranar, gidajen rediyo da jaridun duniya suka yi ta yayata cewa an samo hanyar tatsar ruwa daga iskar hamada. Irin wannan labari ba ya wuce kunnen mutumen Sahel. Saboda haka ya kamata masu karatu, musamman waɗanda jagorancin jama'a yake wuyansu, su san ko mene ne wannan abu, da yadda aka yi aka kai gare shi, da kuma iyakar abin da ya tabbata game da shi. Za mu bi sawun aikin Omar Yaghi, domin shi ne ya raɗa wa abin suna, kuma shi ne ya fi kowa faɗaɗa shi.

Mene ne MOF?

Haruffan nan uku taƙaitawar suna ne na Ingilishi, ma'anarsa kuwa gini na ƙarfe da sinadari mai karbon. A kwatanta da mai kafa rumfa: yana da shikashikai, yana da sanduna da yake gittawa tsakaninsu. A cikin MOF, ƙwayoyin ƙarfe irin su tutiya ko jan ƙarfe ko alminiyom su ne mahaɗai, wasu dogayen ƙwayoyi masu karbon kuma su ne sandunan da ke haɗa wannan mahaɗa da waccan. Ginin yana maimaita kansa gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, har sau miliyoyi. Tsakanin sandunan kuwa sai ɗakuna, babu kome cikinsu.

Wanda ya dubi abin da ido, gari kawai zai gani kamar gishiri ko sukari. Ɗakunan sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsu, sai dai yawansu ya wuce misali. Duk iskar da ta ratsa garin, wasu ƙwayoyinta sukan manne a bangon ɗakunan su zauna. In an ɗumama garin, ko an rage matsin iska, sai su fita. Amfanin MOF ke nan a taƙaice: ya kama wani abu daga cikin iska ko ruwa, ya riƙe, ya sake shi lokacin da ake so.

Ɗan Adam ya daɗe da sanin abubuwa masu ramuka. Gawayi yana tace ruwa, kuma masana'antun tace man fetur sun daɗe suna aiki da wani ma'adini da ake kira zeyolit. Bambancin shi ne, ramukan gawayi yadda wuta ta bar su haka suke, na zeyolit kuma ba su da saurin sakewa. A MOF, masani ne yake zaɓen girman ɗaki da irin bangonsa tun kafin ya haɗa kome.

Waɗanda suka share fage

A shekara ta 1974, Richard Robson, haifaffen Ingila, yana shirya wa ɗalibansa na Melbon kayan koyarwa: ƙwallayen itace da ake huda wa ramuka a soka sanduna don nuna siffar sinadarai. Sai ya lura cewa wurin da aka huda ramukan shi ne yake tilasta siffar da ginin zai ɗauka. Ya tambayi kansa ko za a iya yin haka da sinadarai na gaskiya. Ya shekara fiye da 10 kafin ya jarraba. A 1989 ya buga sakamakon: ya haɗa jan ƙarfe da wani sinadari mai hannuwa huɗu, suka jeru kamar yadda ƙwayoyin lu'ulu'u suke jeruwa, amma da manyan ɗakuna a ciki. Aibin ginin shi ne rashin ƙwari, yana saurin rushewa, don haka masana da yawa suka ɗauke shi abin wasa.

A Japan ma Susumu Kitagawa ya sha irin wannan raini. Masu ba da kuɗin bincike sun sha mayar da takardunsa, suna ganin ba a bukatar sabon abu mai ramuka tun da akwai zeyolit. A 1997 ya nuna cewa iskar gas tana iya shiga cikin irin wannan gini ta fita ba tare da ya lalace ba. A 1998 kuma ya bayyana cewa ana iya yin MOF mai laushi, wanda yake buɗewa yana tsukewa kamar huhu.

Daga Amman zuwa Amurka

An haifi Omar Yaghi a birnin Amman na ƙasar Jodan a shekara ta 1965. Iyayensa Falasɗinawa ne ƴan gudun hijira. Mahaifinsa mahauci ne mai kiwon shanu, karatunsa bai wuce firamare ba, mahaifiyarsa kuwa ba ta iya karatu da rubutu ba. Ya tashi shi da ƴan uwansa masu yawa cikin ɗaki ɗaya, tare da dabbobin gidan, babu wutar lantarki. Ruwa kuwa sau ɗaya ake sakowa unguwarsu cikin mako ɗaya ko biyu, na ƴan sa'o'i kaɗan, wanda bai tara ba sai ya jira wani zuwan. Yana da shekara 10 ya ga zanen siffofin sinadarai cikin wani littafi a ɗakin karatu na makarantarsu, abin ya shiga ransa tun bai san ma'anarsa ba.

Yana da shekara 15 mahaifinsa ya tura shi Amurka, alhali Ingilishinsa bai taka kara ya karya ba. Ya fara da wata ƙaramar kwaleji a garin Troy cikin jihar Niyok, yana aikin ƙarfi yana biyan bukatunsa. Ya sami digirin farko a jami'ar gomnati ta Albany a 1985, ya sami doktora a jami'ar Ilinoyi a 1990. Bayan shekara 2 yana ƙarin bincike a jami'ar Harvard, sai ya buɗe nasa ɗakin bincike a jami'ar jihar Arizona a 1992. Daga nan ya koma jami'ar Mishigan a 1999, sa'an nan Los Anjeles, sa'an nan Berkeley a 2012, inda kyautar Nobel ta iske shi.

Abin da ya dame shi tun farko shi ne yadda ake samo sababbin sinadarai masu tauri a wancan zamani. Masani yakan zuba abubuwa cikin tukunya, ya ɗora a wuta, ya jira ya ga abin da sa'a za ta ba shi. Yaghi yana son ya yi aiki irin na magini, wanda yake zana gida a takarda kafin ya aza tubali. A 1995 ya buga wani bincike a mujallar Nature, a nan ne sunan MOF ya fito.

Babban ci gaban ya zo a 1999, da sinadarin da aka sa wa suna MOF-5. Dabarar da ya yi ita ce, maimakon ƙwayar ƙarfe guda ɗaya a kowace mahaɗa, sai ya yi aiki da dunƙulen ƙwayoyin tutiya huɗu da iskar oksijen ta ɗaure su tamau. Mahaɗa ta yi ƙarfi, ginin ya tsaya ko da an kwashe duk abin da ke cikin ɗakunan, kuma yana jure zafi har digiri 300. Da aka auna faɗin bangon ɗakunan da ke cikin giram ɗaya tak, sai aka sami murabba'in mita 2900. Ma'ana, giram biyu zuwa uku yana ɗauke da fili kamar filin ƙwallon ƙafa. Zeyolit kuwa ɗaruruwan murabba'in mita yake bayarwa a giram.

A shekarun 2002 da 2003 ya nuna abin da ya fi wannan muhimmanci. Ya ɗauki tsarin MOF-5, ya riƙa sake sandunan, wasu dogaye wasu gajeru, wasu da ƙarin rassa, ya fito da iri 16 masu siffa ɗaya amma girman ɗakunansu da halinsu daban. Wannan ya tabbatar da cewa abin ya zama sana'a mai ƙa'ida wadda kowane masani zai iya koya. A 2005 ya ƙara da wani jinsin da babu ƙarfe cikinsa sam, wanda ake kira COF. A 2010 kuma ɗakin bincikensa ya fito da MOF-210, wanda faɗinsa ya haura murabba'in mita 6000 a giram.

Inda tasirinsa yake

A nan ne ya kamata a auna girman aikin Yaghi. Hanyar da ya shimfiɗa ta fi kowane sinadari guda da ya haɗa daraja. Yau an haɗa MOF iri dubun dubata a ɗakunan bincike na duniya, mafi yawansu ba da hannunsa ba. A Faransa, Gérard Férey na jami'ar Versailles ya fito da wasu shahararru, cikinsu har da MIL-101 a 2005. Ya rasu a 2017, ita kuwa kyautar Nobel ba a ba mamaci. A birnin Oslo na ƙasar Norwe an haɗa UiO-66 a 2008, wanda ruwa ba ya lalata shi. Wannan babban gyara ne, domin MOF-5 duk da sunansa laima tana rusa shi.

Ɗalibansa ma sun watsu. Mohamed Eddaoudi, ɗan ƙasar Maroko, wanda sunansa yake cikin binciken MOF-5, ya zama babban malami a jami'ar kimiyya ta Sarki Abdallah a ƙasar Saudiyya. Yaghi kuma ya taimaka wajen kafa cibiyoyin bincike a ƙasashe irin su Biyetnam da Jodan da Saudiyya da Maleziya, bisa ra'ayinsa cewa basira tana ko'ina, dama ce ba ta kai ko'ina ba.

Me ya shiga kasuwa?

Ga abin da ya tabbata. Masana'antun da ke ƙera ƙananan kayan cikin kwamfuta suna aiki da wasu irin gas masu guba ƙwarai. Wani kamfanin Amurka mai suna NuMat yana sayar da tulunan gas masu MOF a ciki, waɗanda suke riƙe gubar ba tare da matsi mai ƙarfi ba, don haka hatsarin yoyo ya ragu. A jami'ar Kalgari ta ƙasar Kanada an haɗa CALF-20, wanda yake kama iskar gas karbonik daga hayaƙi, an kuma jarraba shi a wata masana'antar siminti a can Kanada. A 2023 kamfanin BASF na Jamus ya ba da sanarwar cewa ya fara yin MOF na kama gas karbonik da yawan da ya kai ɗaruruwan ton a shekara.

A lura da lissafin shekarun. Daga MOF-5 zuwa sanarwar BASF shekara 24 ke nan. Daga tunanin Robson na farko zuwa kyautar Nobel kuwa shekara 51.

Akwai kuma alkawarin da bai cika ba. A 2003 Yaghi ya nuna cewa MOF yana iya riƙe iskar idrojen, sai duniya ta sa rai za a sami tankin motocin da ba su shan fetur. Amma an tarar cewa riƙon ba ya yin yawa sai cikin sanyi mai tsanani, wajen digiri 196 ƙasa da sifili. A zafin da mota take aiki, abin da ake riƙewa kaɗan ne. Wannan darasi ne ga duk mai jin labarin sabon abu: abin da ya yi kyau a ɗakin bincike yana iya tsayawa can shekaru da yawa.

Batun ruwa daga iska

Ko iskar da ta fi kowace bushewa tana ɗauke da ɗan ruwa. In zafi ya kai digiri 30, kuma laimar iska tana kashi 20 cikin 100, to a cikin kowace mita kubik ta iska, wato akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, akwai ruwa wajen giram 6. Kafin a tara lita ɗaya sai an tatse mita kubik kusan 170. Tsohuwar hanya ita ce a sanyaya iskar har raɓa ta sauka, kamar yadda ruwa yake ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Amma a irin wannan bushewa sai an sauko da iskar zuwa wajen digiri 5, abin da yake cin wutar lantarki mai yawa.

Dabarar Yaghi ta bi wata hanya. Da dare ana buɗe akwati mai garin MOF, iska ta ratsa, ƙwayoyin ruwa su taru cikin ɗakunan. Da rana a rufe akwatin, zafin rana ya kori ruwan ya zama tururi, tururin ya taɓa bango mai ɗan sanyi ya koma ruwa, ya gangara cikin mazubi.

Ga alƙaluman da aka buga. A 2017, tare da masana na cibiyar MIT, an ƙiyasta cewa kilo ɗaya na MOF-801 zai iya ba da kusan lita 3 a yini. Wannan adadi shi ne ya zagaya duniya, amma ƙiyasi ne da aka yi daga na'ura mai garin da bai kai giram 2 ba. Da aka kai babbar na'ura hamadar Arizona, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna giram 100 na ruwa ga kowane kilo, cikin dare da yini ɗaya. A 2019, da wani sabon iri mai alminiyom da ake kira MOF-303, wanda ya fi na farko araha nesa, an sami giram 700 a hamadar Mohabe, amma sai da aka haɗa da fanka da abin ɗumamawa masu aiki da wutar hasken rana. A 2023 kuma aka buga gwajin da aka yi a Kwarin Mutuwa na Kaliforniya, ɗaya daga cikin wurare mafi zafi a duniya: giram 210 ga kilo a yini, da zafin rana kaɗai.

To, sai mu yi lissafi. Hukumar lafiya ta duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a yini don sha da dafuwa da ɗan tsabta. Bisa sakamakon Kwarin Mutuwa, mutum ɗaya zai bukaci garin MOF wajen kilo 95. Gida mai mutum 7 zai bukaci fiye da kilo 650. Ko da na'ura mai fanka ce, gidan zai bukaci kilo 200. Ba a yi zancen dabbobi ba tukuna, alhali saniya guda tana shan fiye da lita 20 a yini lokacin bazara. Ba a yi zancen garka ba.

In kuwa ruwan sha kaɗai ake nufi, lita 3 ga mutum, lissafin yana sakewa: kilo 4 zuwa 5 sun isa da na'ura mai fanka. A nan ne abin yake da ma'ana. Ƙaramar likita a ƙauye mai nisa, ko masu aiki a tsakiyar hamada, ko wurin da ruwan ƙasa yake da gishiri ko guba, ko garin da bala'i ya katse wa ruwa, waɗannan su ne za su fara cin moriya. Yaghi ya kafa kamfani mai suna Atoco don ƙera manyan na'urori na sayarwa. Ranar da suka yi shekaru suna aiki a hannun jama'a, aka san kuɗin kowace lita, ranar ce za a iya yanke hukunci a kansu.

Abin da ya rage gare mu

Iskar Agadas da Tawa da Damagaram lokacin hunturu da farkon bazara, laimarta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, daidai irin yanayin da aka yi waɗannan gwaje-gwaje dominsa. Don haka ba abin mamaki ba ne wata rana masu sayarwa su ƙwanƙwasa ƙofofin ofisoshinmu. Ma'aikacin da aka kawo wa irin wannan tayi, ga tambayoyin da suka kamace shi. Lita nawa na'urar take bayarwa a watan Maris, ba a watan Agusta ba? Wuta nawa take ci kafin ta ba da lita ɗaya? Yaya take yi da ƙurar hunturu? Shekara nawa garin yake yi kafin a sake shi, kuma ina za a samo sabo? In ta lalace, wane ne zai gyara? Ya kuma tuna cewa ruwan da aka samu daga tururi ba shi da gishirin ma'adinai, sai an ƙara masa. Daga ƙarshe ya gwada kuɗin lita ɗaya da kuɗin litar rijiyar burtsatse a wannan wuri. Ba a ganin hadari a zubar da ruwan tulu. Rijiya da fanfo da madatsar ruwa su ne madogara, kuma haka za su ci gaba da zama na tsawon lokaci.

Wannan taka-tsantsan ba dalili ba ne na raina bincike. Rabin aikin na'urar zafin rana ne yake yin sa, kuma wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Nijar. Marigayi farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun daga 1969, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi da zafin rana. Hanyar haɗa MOF-303 an buga ta a mujallu, ana kuma haɗa shi cikin ruwa. Masanin shimi da ke da kayan aiki zai iya gwada shi a ƙarƙashin ranarmu da ƙurarmu, ya ba hukuma alƙaluman da ba daga bakin mai talla suka fito ba.

Da masu ba da kuɗi a Japan da Amurka sun nace sai abin da zai ba da riba cikin shekara 2, da babu MOF yau. Shi kuwa yaron da ya tashi cikin ɗaki ɗaya da shanu, abubuwa uku suka kai shi inda ya kai: ɗakin karatu a makarantarsu, uba mai ganin darajar ilimi ko da shi bai yi nisa cikinsa ba, da jami'o'in gomnati da suka karɓe shi ba tare da duba aljihunsa ba. Biyu daga cikin ukun nan aikin hukuma ne. Ɗayan kuwa yana hannun kowane mai gida da ke karanta wannan shafi.